Darasi na Tara: Ɗaukar Hoton Allon Kwamfuta da Aika Shi

Sau da yawa wani saƙo yakan fito a allon kwamfuta wanda mutum ya kasa gane shi, ya kuma kasa bayyana shi da baki ga wanda zai taimaka masa. A irin wannan hali, sai a sa kwamfutar da kanta ta ɗauki hoton abin da ke kan allonta, wato abin da masu harkar suke kira sikirinshot. Yin haka ya fi a ɗaga waya a ɗauki allon, domin hoton waya yakan fito da ƙyalli da layuka-layuka, rubutun kuma ya dushe.

A kwamfutar da ke aiki da Windows, ku duba layin sama na kibod ta ɓangaren dama, za ku ga maɓallin da aka rubuta wa PrtSc ko PrtScn. A nan ne yawancin masu koyo suke rikicewa, domin a Windows 10 da waɗanda suka gabace ta sai su danna su ga babu abin da ya motsa, su ɗauka bai yi aiki ba. Alhali kuwa hoton ya ɗauku, kwamfutar ce ta riƙe shi a wani ma'aji na wucin gadi da ido ba ya gani, tana jiran a nuna mata inda za ta sauke shi. Ku buɗe manhajar Paint ko Word, ku danna Ctrl da V a tare, nan take zai bayyana. Amma ku lura, idan kuka kwafi wani abu dabam kafin ku manna hoton, sabon zai maye gurbinsa.

Wanda ba ya son wannan zagaye sai ya riƙe maɓalli mai tambarin Windows, sannan ya danna PrtSc. Allon zai ɗan dushe kamar ƙiftawar ido, hoton kuma ya shige folda mai suna Screenshots da ke cikin Pictures. A wasu kwamfutocin tafi-da-gidanka sai an haɗa da maɓallin Fn.

Hanyar da ta fi dacewa ku saba da ita, a Windows 10 da 11, ita ce danna Windows da Shift da S a lokaci guda. Allon zai yi duhu-duhu, sai ku ja linzamin kwamfuta (maus) ku kewaye iya wurin da kuke buƙata kawai, hoton ya shiga wancan ma'aji na wucin gadi, ku manna shi da Ctrl da V. Masu kwamfutar Mac kuwa, Command da Shift da 3 suna ɗaukar allo gaba ɗaya, idan aka sa 4 a madadin 3 sai a zaɓi yanki.

Aikawa ba ta da wuya. A imel, ana danna alamar ɗan ƙarfen nan mai maƙale takardu a zaɓo hoton daga foldarsa, a WhatsApp na kwamfuta kuma ana iya manna shi kai tsaye da Ctrl da V a wurin rubuta saƙo.

Abin da ke buƙatar natsuwa shi ne duba hoton kafin a tura, saboda kwamfuta ba ta san sirri ba: duk abin da ke buɗe za ta kwashe, har da lambar asusun banki, da sunayen shafukan da ke jere a sama, da saƙon wani da ya faɗo a kusurwa. Ku yanke abin da bai shafi maganar ba, wanda bai yanku ba kuma ku rufe shi da launi mai kauri a Paint, ba da launi mai shara-shara ba. Haka nan, tunda hoton allo yana gyaruwa cikin sauƙi, kada ku karɓe shi a matsayin shaidar biyan kuɗi sai kun duba asusunku da kanku.

Aikin aji: kowa ya ɗauki hoton agogon da ke kusurwar allonsa shi kaɗai, ya adana shi da sunan da zai iya tunawa, sannan ya aika wa na kusa da shi ta imel.