Kurakuran da masu sayen amfilifaya da lasifika na hannu ke ta maimaitawa

Da an sayar da riɗi da gyaɗa, samarin garinmu sai su fara sintiri Sabon Gari neman kayan sauti na hannu, irin waɗanda ake ce wa 'yan Beljiyam. Bana kaɗai mutum uku suka kawo mini amfilifaya a buhu tana warin ƙauri, wai in duba musu. Na gaji da maimaita magana ɗaya a bakin zaure, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Kafin ka kalli fuskar amfilifaya, juya bayanta. Kusa da inda wayar wuta ta fito akwai rubutun ƙarfin wutar da take ɗauka. Wutar Najeriya 230V ce, irin ta Ingila da Jamus, amma kayan Amurka na 120V ne, na Japan kuma 100V. Wannan shi ya cinye mini kuɗin buhu biyu na gyaɗa lokacin da nake sabon shiga. A shago an kunna mini wata amfilifaya tana tashi raɗau, ashe akwai ƙaramar taransifoma mai rage wuta a ƙarƙashin tebur, mai shagon bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba. Na iso gida bayan la'asar, abokai sun cika ɗaki, na tayar da janareta na jona. Ko minti ɗaya ba a yi ba fitilar gaba ta mutu, hayaƙi ya fara fitowa ta ramukan sama. Mai gyara ya sake naɗa taransifomarta, amma har na rabu da ita ba ta daina gurnani ba. Har yau abin yana yi mini ciwo. Tun daga nan, sai an cire filogi a gabana an sa a soket ɗin bango nake biya. Wasu tsofaffin Pioneer da Sansui suna da maɓallin zaɓen wuta a baya. Ka tabbatar yana kan 220 ko 240 da idonka.

Na biyu, kuma shi ya fi ba ni haushi, lodin lasifika. Malam, amfilifayar ɗaki ba ta gidan biki ba ce! Ka sayo abin da aka rubuta wa 8 ohm a baya (ohm shi ne ma'aunin turjiyar lasifika ga wuta), ka murɗe wayoyin lasifika huɗu a kafa ɗaya don maƙwabta su ji. Lasifika biyu masu 8 ohm idan aka haɗa su haka sun koma 4, masu 4 kuma sun koma 2. Duk lokacin da lambar ta sauka, wutar da amfilifaya ke ja ƙaruwa take yi, ta yi zafi har taransistocinta su ƙone, ballantana a zafin Afrilu cikin ɗakin kwano. Sannan ku ƙure murya har sauti ya dinga tsagewa, ku ce ai daɗinsa ke nan. Wannan tsagewar ita ke kashe ƙaramar lasifikar sama mai fitar da siririn sauti. Ni lasifika biyu kawai nake sawa, kuma da na ji murya ta fara kaushi nake ragewa.

Kada lambar ƙarfi irin 2000W PMPO da ake rubutawa a jikin kaya ta ruɗe ka, talla ce. 40W RMS, wato ainihin ƙarfin da amfilifaya ke iya bayarwa, a kowane ɓangare na hagu da dama ta ishi ɗakin saurayi har da rara.

Ita kuwa lasifika, cire ragar gaba. Duba soson da ya kewaye kwalin nan mai motsi da ke fitar da sauti, idan ya tsufa yana marmashewa da ɗan taɓawa. Sa yatsu ka danna kwalin a hankali: in ka ji yana gogar wani abu, naɗin ciki ya taɓa ƙonewa, bar musu. Ina tafiya da batirin tocila mai 1.5V a aljihu, in na taɓa shi a kafafun lasifika kwalin ya motsa ya yi "ɗuf", tana da rai. Akwatin da gindinsa ya kumbura ya sha ruwa, kada ka ɗauka.

Jar waya ga ja, baƙa ga baƙa, in ba haka ba bas ya ɓace. Ƙaramar inbata mai araha tana sa amfilifaya ƙugi. Maɓallin murya mai ƙaras-ƙaras yawanci ƙurar hunturu ce, ya zama dalilin neman ragi kawai.

Kuma don Allah ku daina gwaji da kiɗan mai shago. Ni labaran rediyo nake sawa, ko karatun da kunnena ya saba da shi a wayata, in saurari hagu ita kaɗai, sannan dama, in bar ta a kunne kamar minti goma sha biyar in ɗora hannu a kanta in ji zafin. A gida kuma ɗora akwatunan a kan bulo saboda gara da danshin damina, ka riƙa leƙa ramin bas, don zanzaro na son yin gini a ciki.