Saƙa mayafin wuya da zare mai canza kala: ki fara warware dunƙulen

Da hunturu ya kunno kai, masu tebur a babbar kasuwar Maradi sai su fito da zaren ulu mai canza kala da kansa. An rina shi ne gaɓa-gaɓa, ja ya yi tsawo, sai shuɗi, sai fari, don ratsi ya fito ba tare da kin sauya zare ba. Mai arahar kuwa, wanda yawancinsa na roba ne, sai kin yi masa dabara.

Tun a gaban mai tebur ki duba takardar da ke jikin dunƙulen. Akwai lambar kala, akwai ta rini. Ki sayi duk abin da zai ishe ki a lambar rini ɗaya, don shuɗin wannan tukunya ba ya zama ɗaya da na waccan. In ya ce miki "Hajiya, ai duk ɗaya ne", ki fito da su rana ki gani da idonki.

Kafin ki taɓa kwarashi, ki warware dunƙulen kaf ki sake naɗe shi, zaren yana bi ta tsakanin yatsunki. Nan ne aikin yake. Za ki ci karo da ƙulli inda zaren ya tsinke a masana'anta suka ɗaure, kuma ba ruwansu da jerin kala: kina cikin ja, sai ga kore ya faɗo kamar baƙon da ba a gayyata ba. Ki yanke ƙullin, ki ja zaren har inda kalar da ta dace ta dawo, guntun ki ajiye don tuntu a bakin mayafin. Ki lura da wajen da murɗin ya saki, zaren ya yi kauri ko ya sirance. Shi ne ke tsagewa a bakin kwarashi, ni yanke shi nake. Wani dunƙulen ma a juye aka naɗe shi, jerin kalarsa na tafiya baya, sai ki fara shi ta ɗaya bakin.

Faɗin mayafin shi ke ƙayyade kaurin ratsi. Santimita 15 zuwa 20 ya isa; in kin faɗaɗa, ratsin sirancewa zai yi. Haɗin zare kuma a gefe ake yinsa, ba a tsakiyar layi ba.

Ki saƙa ɗan gwaji kamar tafin hannu, ki jiƙa shi da sabulu tare da farin ƙyalle. Ja ne ya fi zuba. In ƙyallen ya kama launi, kada ki saƙa wa jariri da wannan zaren, kuma ki wanke mayafin shi kaɗai a ruwan sanyi, ki shanya shi a kwance cikin inuwa. Dutsen guga kuwa kada ya kusance shi, zaren roba narkewa yake.