Yadda ake zaɓen tawadar da hoton baƙi da fari ba zai koɗe ba

Kusan duk sabon shiga da na gani ya yi asarar kuɗinsa a wannan harka, wuri ɗaya yake tuntuɓe: yana ganin tunda hoton baƙi da fari ne, kowace firinta za ta iya. Sai ya ɗauko irin L805 ko L1800 na Epson da suka cika situdiyo, ya buga hoton kakansa, ya sa a firem. Kafin a je ko'ina fuskar tsoho ta koma kore-kore ko shunayya.

Da farko tambayi mai sayarwa: tawadar dai ce ko figiment? Dai rini ne narkakke, yana da haske da araha, amma rana da iska na cin sa. Figiment kuwa garin launi ne da ke zama a fuskar takarda. Baƙinsa kabon ne, ɗan'uwan baƙin gawayin da ake haɗa tawadar allo da shi, kuma kabon bai san koɗewa ba. In mai shago ya fara kame-kame, dai ce, ka wuce.

Mataki na biyu shi ne inda ake faɗuwa, don haka zan tsaya a kai. Matsalar ba baƙin ba ce, ruwan tokan ne. Firinta mai baƙi guda ɗaya, in za ta fitar da inuwar fuska ko hadarin sama, galibi sai ta cakuɗa shuɗi da ja da rawaya. Launukan nan uku ba sa koɗewa tare. Da ɗaya ya riga sauran, tokan ya karkata. Tun hoton yana sabo ma za ka ga alama: a hasken rana launi daban, a ƙarƙashin ƙwan lantarki launi daban. Saboda haka ƙirga katirij na baƙi da na toka, kada su gaza uku. Epson ta kawo haka a 2005 da tawadar UltraChrome K3, yau akwai irin wannan tsari a firintocinta P700 da P900. Canon na da nata a PRO-1000, tawadar Lucia Pro. Kuma ka buga ta tsarin baƙi da fari na direban firintar, wato manhajar da ke sarrafa ta a kwamfuta, wanda Epson ke kira Advanced B&W, ba ta tsarin kala ba, in ba haka ba kuɗin toka ka biya, launi ka sha.

Masu son ƙarshen abin suna cire kalolin gaba ɗaya su zuba tawadar Piezography ta Jon Cone daga Amurka, baƙi da toka har hawa bakwai, su tuƙa da manhajar QuadToneRIP. Sai dai firintar ta daina kala ke nan, garanti ma ya tafi. Kabon zalla kuma yana ɗan ja zuwa ruwan ƙasa. Ni shi nake so, kuma ga hoton da za a bar wa jikoki ba na yarda a sanyaya launinsa ta hanyar gauraya shi da shuɗi.

Sannan daidaita baƙin da takarda: Photo Black na takarda mai sheƙi, Matte Black na marar sheƙi. Tsofaffin inji kamar 3880 da P800 na Epson suna zubar da tawada duk lokacin da ka sauya tsakaninsu, to tara aikinka wuri guda.

Takarda, nemi ta auduga irin Photo Rag ta Hahnemühle, ka guji mai farin da ke kashe ido, sinadarin ƙara fari ne, da shekaru zai koma rawaya. Tawadar kwalba marar suna kada ka ko kalle ta, komai arha. Ka yi bugu ko sau ɗaya a mako, ka rufe injin saboda ƙurar hunturu, don figiment na toshe hed, wato kan da ke fesa tawada. Kafin ka karɓi aikin mutane, buga hoto, rufe rabinsa da kwali, ajiye a taga mai rana wata guda, ka buɗe ka gwada ɓangarorin biyu.