Baƙin man babur: kurakuran da ke kashe inji tun kwanansa bai ƙare ba

Da yawa daga cikin injinan da ake kwancewa a garejin bakanike ba tsufa ne ya kai su can ba, baƙin mai ne. Baburan da suka cika titunanmu, irin su Boxer da TVS da Jincheng da Haojue, man da cikinsu ke ɗauka bai wuce lita ɗaya ko kusa da haka ba. Ba su da lagireto, iska da man nan su ne ke sanyaya su. Kuma wannan lita ɗaya aiki uku take yi a lokaci guda: tana shafe inji, tana shafe haƙoran giya, kulochi ma a cikinta yake jiƙe. Wanda ya riƙe wannan zai gane dalilin kusan duk kuskuren da ke ƙasa.

Babban kuskure shi ne zuba man mota. Mutum zai ce ai mai mai ne, na mota ma ya fi tsada, don haka ya fi kyau. A mota kulochi ba ya haɗuwa da man inji, shi ya sa ake sa wa man motocin zamani sinadarin ƙara santsi domin a rage shan fetur. Wannan santsin idan ya shiga tsakanin faifan kulochin babur sai su daina kama juna. Za ka murɗa totur, inji ya yi ta kuka, babur kuwa ba ya ja, musamman a hawa ko da goyon mutum biyu. Sai a ce filet, wato faifan kulochin, ya ƙare, a sayi sabo, a sake zuba man da ya jawo matsalar. Saboda haka ne Japan ta fito da ma'aunin JASO na man babur a 1998. Ka juya robar man ka duba bayanta. Idan ka ga 4T, wato man injin da ba a gauraya masa mai da fetur, tare da JASO MA ko MA2, wannan na babur mai giya ne. MB na sikuta ne, wadda ba a canza mata giya, kulochinta a bushe yake. 2T kuwa na injin da ke ƙona mai tare da fetur ne, irin ƙaramin janareton nan mai hayaƙi, kada ya kusanci cikin babur ɗinka.

Sai maganar kauri, wadda ta fi kowace zama a zukatan mutane. Ana diga mai a yatsa, a murza, a ce wannan ya yi ruwa, a kawo mai kauri. Yatsa ba ya auna komai a nan, domin man da ke da kauri a inuwar shago ba haka yake ba idan inji ya ɗau zafi. Lambobin da ke jikin roba su ne magana. A 20W-50, lambar farko tana nuna yadda man ke gudana da sanyi, ta biyun kuma kaurin da yake riƙewa idan ya yi zafi. Ƙananan babura da yawa 20W-50 kamfani ya rubuta musu, wasu sababbi kuma 10W-30 ko 10W-40. Amsar tana cikin ɗan littafin da ke zuwa da babur, wanda akasari ake yarwa tare da kwali. Man da ya fi ƙarfin injinka kauri yana jinkirin hawa sama zuwa kan bawul idan ka tayar da safe, balle da asubahin hunturu, kuma a waɗannan daƙiƙun farko ƙarfe ke cin ƙarfe. Wasu kuma sukan zuba mai kauri don su rufe bakin injin da ya fara hayaƙi. Hayaƙin zai ragu na ɗan lokaci, amma ringin fistin da ya cinye ba ya dawowa.

Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, ban ga dalilin da zai sa a yi kasada da shi ba. Ba ka san daga wane duro ya fito ba, ba ka san ko tsohon mai ne aka tace ba, ƙura kuma tana sauka a kansa tun safe. Jabu ma yana zuwa cikin roba mai kyan gani. Ka saya a gidan mai ko wurin dila sananne, ka duba hatimin murfi bai karye ba, a buɗe a gabanka. Idan ka gama, ka huda robar kafin ka yar, don da irinta ake sake cikawa.

Yaushe za a yi juye? A nan mutane sun kasu biyu, kuma duka suna asara. Akwai mai juye duk mako saboda ya ga man ya yi baƙi. Baƙin nan alama ce man yana aikinsa, yana kwashe dattin ƙuna yana riƙewa. Akwai kuma wanda sai inji ya fara ƙara kafin ya tuna. Abin da ake ƙirgawa shi ne tafiya. Littafin babur yana ba da adadin kilomita, sannan ya ce a rage idan ana aiki cikin ƙura, ko zafi, ko tsaye-tsaye da kaya mai nauyi. Wannan kuwa shi ne rayuwar ɗan acaɓa kullum: cunkoso, lodi, hanyar burji, ga zafin bazara da ke haura digiri 40 a Sakkwato. A ganina, babur ɗin haya mai amfani da man gama-gari kada ya wuce kilomita 1,500 zuwa 2,000. Yi lissafin da kanka: mai yin kilomita 100 a rana zai cika 2,000 cikin kwana 20. Ma'aikacin da ke zuwa ofis ya dawo zai iya yin watanni bai kai haka ba, amma shi ma kada ya haura wata shida, domin gajeriyar tafiya ba ta barin inji ya yi zafin da zai kore danshi da fetur ɗin da ke sulalewa cikin mai. Idan mitar babur ta mutu, a gyara ta. Kafin nan ka rubuta ranar juye a waya.

Ƙari ba juye ba ne. Zuba rabin kwalba a kan tsohon mai yana cike gurbi kawai, dattin yana nan. Duk da haka a riƙa duba geji, wato sandar auna mai, duk mako, babur a tsaye cak a wuri mai daidai, bayan an kashe shi da 'yan mintoci. Cikawa fiye da layin sama ma ɓarna ce, man zai yi kumfa ya fara tsiyaya ta sil.

Sabon babur, ko wanda aka yi wa sabon ringi, juyensa na farko tsakanin kilomita 500 zuwa 1,000 yake, saboda ɓurɓushin ƙarfe da ke fita yayin da sassa ke zama da juna. Wannan juyen ba a ɗaga shi.

Ranar juyen kanta akwai abin lura. A kwance notin juye mai inji yana da ɗumi, don man ya fito da dattinsa. Al'adar nan ta kai babur wurin mai faci a hura masa iska ta bakin zuba mai, a bar ta: iskar tankin mai faci tana ɗauke da danshi da datti. Wanke ciki da kananzir ko fetur shi ma haka, ragowarsa za ta tsinka sabon man. Abin da ya kamata a wanke shi ne 'yar rariyar da ke tace mai, a duba ko akwai ƙyallin ƙarfe a jikinta, mai filta kuma a canza masa ita. Kada yaron gareji ya ɗaure notin da ƙarfin tsiya, gidan na alminiyom ne, zarensa na saurin cinyewa. Filtar iska ma a duba ta a ranar, domin idan ta yage ƙurar hunturu kai-tsaye take shiga, ta gauraya da mai ta dinga goge silinda.

Da damina, idan ka ratsa ruwa mai zurfi, ka zaro geji ka duba. Man da ya koma launin shayi da madara ruwa ya shige shi, a juye shi a ranar ko da jiya aka zuba. Tsohon man kuma a tara shi a jarka a ba masu saye, kada a zubar a kwata ko kusa da rijiya, kuma a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi.