Yadda Ake Tsara Hanyar Neman Memorin Haɗin Gwiwa Daga Kanel Cikin Sauri

Kafin ka taɓa tsarin kanel, wato zuciyar tsarin aikin kwamfuta da ke raba wa manhajoji memori, ka fara auna inda lokaci yake tafiya, domin galibi jinkirin yana zuwa ne bayan an amsa buƙatar memorin haɗin gwiwa, wato wanda manhajoji da dama suke amfani da shi tare. Shafin memori, wato gutsuren da kanel yake karkasa memori zuwa gare shi, a yawancin kwamfutoci kilobayit 4 ne, saboda haka ma'ajiya (yankin memorin da aka nema) mai megabayit 8 shafuka 2,048 ke nan, kuma kowannensu yana tsayar da aiki a karon farko da aka taɓa shi, har sai kanel ya samo shi ya share abin da ke ciki.

Maganin wannan shi ne ka ba manhajar da ta nemi memorin damar neman a shirya shafukan gaba ɗaya, kamar yadda zaɓin MAP_POPULATE yake yi a Linux, sannan ka yarda da manyan shafuka masu megabayit 2, waɗanda huɗu kacal sun wadatar da wannan ma'ajiya.

Sharewar kuwa, kada ka cire ta don neman sauri, tunda ita ce take hana bayanan wata manhaja faɗawa hannun wata. Gara ka tanadi tarin shafukan da aka riga aka share lokacin da na'ura ba ta da aiki da yawa.

Wajen miƙa ma'ajiyar, ka ba manhajar lambar fayil, wato lambar da take wakiltar ma'ajiyar, irin yadda umarnin memfd_create yake yi tun Linux 3.17 a 2014, domin manhajoji su miƙa ta ga juna ba tare da kwafar bayanai ba. Ka kuma ba da damar kulle girmanta, don kada ɗaya ta rage ta alhali ɗayar tana karantawa.