Kafin Ka Jona Tsohuwar Sega Ko PlayStation: Yadda Ake Tayar Da Na'urar Gem Ba Tare Da An Ƙone Ta Ba

Yawancin tsofaffin na'urorin gem da ake cewa sun mutu a ƙasar nan, wuta da ƙura ne suka kwantar da su, ba tsufa kaɗai ba. Sega Mega Drive ta fito a Japan a 1988, PlayStation ta farko (PS1) a 1994, ta biyu (PS2) kuma a 2000, amma kayan cikinsu suna da ƙwarin da har yau sukan tashi idan aka bi su a hankali. Inda ake yin ɓarnar shi ne minti na farko: mutum ya zaro na'ura daga ƙarƙashin gado ko ya sayo ta a gwanjo, ɗoki ya ɗebe shi, ya laluɓo kowace adafta da bakinta ya shiga, ya jona. Sai ƙauri. Don haka a fara da wuta, a daɗe a kanta.

Juya na'urar ka karanta takardar da ke manne a ƙasanta ko bayanta. Wutar gida a Najeriya 230V ce, a Nijar 220V. Ta Japan 100V ce, ta Amurka 120V. PlayStation ta farko da PS2 babba, wadda ake kira mai kauri, allon wutarsu a ciki yake, kuma an ƙera shi ne don ƙasar da za a sayar da na'urar kaɗai. Lambar samfurin da ke kan takardar tana farawa da SCPH, kuma lambarta ta ƙarshe tana tona asalinta: SCPH da ta ƙare da 0 'yar Japan ce, mai 1 'yar Amurka ce, mai 2 kuwa, da mai 3 ko 4 a PS2, ta ƙasashe masu wuta irin tamu ce, wato Turai, Ingila ko Ostareliya. Ka sa 'yar Japan kai tsaye a soket ɗinmu, in ka yi sa'a fiyus ne kawai zai tsinke, in ba ka yi ba babbar kafasitar allon wutar, wato abin da ke tara wuta, ta fashe. Maganin shi ne taransifoma mai rage wuta, wadda ƙarfinta ya ninka abin da takardar na'urar ta ce tana ci. Mai wat 150 ta ishi PS2 babba har da rara. Sitabilaiza da yawa suna da soket na 110V a gefe, shi ma yana yi wa 'yar Amurka aiki. Sai dai ka naɗa jan salatif a kan filogin, ka rubuta 110 a jiki, domin ranar da za ta ƙone ba kai ne za ka jona ta ba, yaro ne ko baƙo. PS2 siririya, wadda ta fito a 2004, ba ta da wannan rigimar: adaftarta ta asali tana karɓar 100V zuwa 240V, ta ba da 8.5V.

Na'urorin kaset, su Sega da Nintendo, tarkonsu ya fi ɓuya, domin bakin adaftarsu kama yake yi da na rediyo, dikoda da na'urar intanet. Abu huɗu ake dubawa a jikin adafta: yawan bolt, yawan amfiya, ko wutar DC ce ko AC, sai kuma wace waya ce a tsakiyar baki. Wannan na ƙarshen akwai ɗan zanensa: ɗigo a cikin rabin da'ira, layin da ya fito daga ɗigon ya nufi alamar + ko alamar −. Mega Drive ta farko tana son DC 9V zuwa 10V, amfiya 1.2, tsakiya −. Mega Drive ta biyu, ƙaramar, tana son 10V, amfiya 0.85, amma tsakiyarta + ce, bakinta kuma ya fi siranta. Na'urorin Nintendo na Japan, Famicom ta 1983 da Super Famicom ta 1990, suna aiki da DC 10V, tsakiya −. Ita kuwa NES ta Nintendo, wadda aka fara sayarwa a Amurka a 1985, adaftarta AC 9V take bayarwa, kuma bakinta yana shiga Famicom da Mega Drive ta farko lafiya lau. Wannan haɗin ya halaka na'urori ba adadi. Adaftar dikoda ma haka: galibinsu 12V ne, tsakiya +, ka ga an saɓa ta fuska biyu ke nan.

Amfiya idan ta yi yawa ba laifi, na'ura abin da take buƙata kawai take ja. Bolt ne ba a ƙarawa. A cikin waɗannan na'urori akwai wani ɗan ƙarfe mai ƙafa uku, lambarsa 7805, aikinsa ya sauko da wuta zuwa 5V, duk abin da ya yi saura kuma zafi yake mayar da shi. Ka ba shi 12V a ɗakin da ba fanka a watan Afrilu, ka dafa shi. Adafta mai 9V ko 10V ita ce daidai. Kada ka yarda da rubutun jikin adaftar kasuwa sai ka auna: sa mitar auna wuta a DC, baƙin tsinke a wajen baki, ja a cikin rami. In alamar − ta bayyana gaban lambar, tsakiyarta − ce. Tsofaffin adaftoci masu nauyi sukan nuna 13V ko 14V idan ba a jona musu komai ba, wannan ɗabi'arsu ce, da sun ɗauki kaya sai su sauko. In na'ura ta ƙi kawo haske duk da adafta mai kyau, a auna ƙafar fitar 7805 ɗin. Ba a samu kusan 5V ba, a canza shi, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

A kan janareto kuwa magana ɗaya ce: zare filogi kafin a tayar, zare kafin a kashe, zare kafin a juya layi. Ƙaramin janareto wutarsa hawa da sauka take yi duk lokacin da firji ko injin ruwa ya kama.

Wuta ta zauna, sai ƙura. Hura kaset da baki al'ada ce da kowa ya tashi da ita, kuma ita ce ke cinye shi, domin damshin numfashi tsatsa yake haifarwa a kan haƙoran ƙarfen da ke bakin kaset ɗin. Abin da ke sa ya yi aiki bayan hurawar, cirewa da mayarwar ne suke ɗan kankare datti. Nemi sifirit mai ƙarfi, irin wanda masu gyaran waya ke wanke allo da shi, mai kashi 90 ko fiye, da tsinken auduga na goge kunne. Jiƙa kai ɗaya, goga haƙoran gaba da baya, ka bi da busasshen kan, ka maimaita har auduga ta daina fitowa baƙa. Wanda ya yi kore, a buɗe shi a goga da farin magogin fensir. Sandar fefa haramun ce a nan, rufin zinaren haƙoran siriri ne ƙwarai, in ya tafi ya tafi. Kusoshin kaset ba irin na kullum ba ne, kansu kamar tauraro yake: na Nintendo suna son sukundireba mai milimita 3.8, na Sega mai 4.5. Ramin na'urar kuma, naɗe tsohon katin roba da siririn farin ƙyalle, ɗiga sifirit, ka tura ka zaro a miƙe sau goma. Kada ka ja shi gefe da gefe, haƙoran za su lanƙwashe. NES da jan haskenta ke ƙiftawa ba tsayawa, kusan kullum ramin nan mai haƙora 72 ne ya yi datti ko ya saki.

Kaset ɗin da ya daina riƙe inda ka tsaya, batirin cikinsa ne ya ƙare. A na Sega da Super Nintendo CR2032 ne mai 3V. Sayi mai kunnuwan ƙarfe a jiki. Kada a ɗora dalma kai tsaye a kan tsurar batiri, yana iya fashewa. Ka kuma sani da zarar an cire tsohon, abin da aka adana ya goge.

Su kuwa na'urorin nan na kwaikwayo masu rawayan kaset da ke alkawarin wasa dubu tara da ɗoriya, alhali guda goma ne ake ta maimaitawa, duk ƙwaƙwalwarsu tana ƙarƙashin baƙin ɗigon danƙo ɗaya. In waya ce ta tsinke ko makunni, a gyara. In ɗigon ne, a haƙura.

A na'urorin faifai, idon da ke karanta faifai ne ke fara gajiya. Kafin ka zarge shi, goge faifan da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba. Sannan ka taɓa idon da auduga mai ɗan sifirit, a hankali kamar mai sa wa jariri kwalli, domin a kan siraran wayoyi yake lilo. PS2 tana ba da hanyar gwaji mai sauƙi: faifanta mai shuɗin ciki CD ne, mai ruwan azurfa DVD ne, na PS1 kuma baƙi ne. In tana karanta wani iri tana ƙin wani, idon ne ya raunana ta ɓangare ɗaya. In tana ƙara ƙat-ƙat tana ƙin duka, duba sandunan da idon ke zamewa a kai, ƙurar hunturu takan haɗu da tsohon maiko ta zama kamar ƙullu. Goge su tas, ka shafa farin giris ɗan mitsitsi, ba baƙin mai ba, ba man girki ba. PlayStation ta farkon fari tana da nata ciwon: hanyar idonta ta roba ce, tana sudewa, ido ya karkace. Shi ya sa kifa ta a kan bayanta yake sa ta karanta, wannan kuwa jinkirta gyara ne kawai. PS2 siririya in ta fara zana da'ira a jikin faifai, faffaɗar wayar idon ce ta ɓalle daga gam ɗinta tana gogar faifan. Tsayar da wasa nan take, a manne ta.

Akwai ɗan kusa a jikin ido da masu gyara ke murɗawa don ƙara masa ƙarfi. Yana aiki, amma cin bashin kwanakin idon ne. Wanda zai yi ya fara auna shi da mita ya rubuta lambar, ya motsa kaɗan-kaɗan. Sabon ido kuma yakan zo da ɗigon dalma da aka sa don kare shi a hanya. In ba a narkar da shi an cire ba, ba zai karanta komai ba, mutum ya yi ta zagin mai shago a banza. In ka buɗe PlayStation, nisanci allon wuta ko da an zare filogi, babbar kafasitar tana iya riƙe sama da 300V na ɗan lokaci. Kyankyasai ma can suka fi son kwana saboda ɗumi.

Saura hoto, kuma a nan ra'ayin a fili yake: tsohon talabijin mai ƙeya ya fi na bango dacewa da waɗannan wasanni, nesa ba kusa ba. Don shi aka zana su. Na'urorin kaset da yawancin wasannin PS1 suna fitar da hoto mai layi kusan 240, talabijin na bango kuwa yakan ɗauke shi a matsayin wani iri daban, ya tsaya sarrafa shi, ya buɗa shi ya cika fuska. Sakamakon shi ne hoto ya dagule, kuma a samu jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsin ɗan wasa. Hoto ɗaya a 60Hz, wato hotuna 60 a daƙiƙa, bai kai kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa ba, jinkirin hoto huɗu ko biyar ya isa ya sa ka riƙa faɗawa ramin da ka saba tsallakewa ido rufe. Bindigar wasan harbin agwagwa na Nintendo ma sam ba ta aiki a na bango, domin da yadda mai ƙeya ke zana haske take gane inda aka saita ta. In ka samu mai ƙeya inci 14 ko 21 mai ramukan rawaya, fari da ja, riƙe shi. Kada dai ka buɗe bayansa, wutar da ke ciki ta haura bolt dubu ashirin.

Hoto ya fito fari da baƙi ko yana birgima? Ba lalacewa ba ce. Tsarin hoto ne ya bambanta: na'urar Japan da Amurka NTSC take fitarwa, tsofaffin talabijin na Najeriya PAL ne, na Nijar kuma SECAM. Nemi wanda aka rubuta masa yana karɓar tsari da yawa, ko ka shiga saitin launi ka zaɓi NTSC. Akwai kuma abin da 'yan wasa da dama ba su lura da shi ba: na'urar Turai 50Hz take gudu, ta Japan da Amurka 60Hz, don haka wasanni da yawa na zamanin kaset sun fi jinkiri da kusan kashi 17 cikin ɗari a ta Turai, har kiɗan yana jan ƙafa. Ta Turai ta fi sauƙin wuta a wurinmu, ta Japan ta fi daɗin wasa. Kowa ya zaɓi wahalar da zai iya.

Wanda ba shi da sai na bango, ya kunna "Game Mode" a saiti, ya mayar da faɗin hoto 4:3, ya kashe duk wani abin gyaran motsi. 'Yan ƙananan akwatunan nan masu arha da ke mayar da wayar rawaya zuwa HDMI suna fitar da hoto, amma sukan ƙara nasu jinkirin. Akwatunan RetroTINK da OSSC don tsofaffin na'urorin gem aka yi su, sai dai kuɗinsu yakan fi na na'urar kanta. PS2 ta fi sauƙi: waya mai kai biyar, kore, shuɗi da ja na hoto, fari da ja na sauti, tana ba da hoto garau. Amma kafin ka sa ta, ko ka sa ɗan abin nan na HDMI da ake soka mata a baya, shiga saitinta da wayar rawaya, ka canza "Component Video Out" daga RGB zuwa Y Cb/Pb Cr/Pr. In ka manta, baƙin allo za ka gani ko hoto mai launi a birkice.

Fad da maɓallinsa ya daina ji sai an danne da ƙarfi, kwance shi, ka goge baƙaƙen ɗigogin da ke ƙarƙashin robar da wuraren da suke taɓawa a allo, da sifirit. Robar da ta yage sai canji. Ka kifa fad ɗin fuska ƙasa kafin ka ɗaga murfin baya, in ba haka ba maɓallan za su watse a ƙasa. Wayarsa kuma a bakin fad take karyewa saboda naɗe ta da ake yi tamau a jikinsa. A yanke santimita biyar daga wurin, a sake haɗawa launi da launi, daga nan a riƙa naɗe ta sako-sako a gefe.