Yadda nake cire murfin tsohuwar furosesa don rage mata zafi

Furosesata (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Core i7-3770K ta 2012 ta kai ga fanka na ta kuka amma zafi bai sauka. Dalili kuwa, daga wannan samfurin, na wasu shekaru, Intel ta koma sa man sanyaya tsakanin ƙwayar silikon da murfin ƙarfe maimakon dalma, kuma man yana bushewa da shekaru.

Kafin komai, duba wacce kake da ita. In i5-2500K ce ko i7-2600K, ƙyale ta, murfinsu da dalma aka liƙe, ɓamɓare shi zai fasa ƙwayar.

Ni reza sabuwa nake amfani da ita. Ka shigar da bakinta ta kusurwa, cikin baƙin gam ɗin da ya manne murfin da koren allon furosesar, kana jingina ta da murfin. Kada ta taɓa koren allon, domin ƙarzane ɗaya kan tsinke layin wuta. Kusurwa huɗu tukuna, sannan gefuna. Nan ne ake bukatar haƙuri, kada ka tura ta ciki sosai.

Murfi ya tashi, kankare gam da farce, goge tsohon mai da sifirit. Ɗiga ƙarfe mai ruwa (liquid metal, madadin man sanyaya) kaɗan, ka baje shi a ƙwayar da cikin murfin. Yana ɗaukar lantarki, don haka a wata furosesar, i7-4770K, sai na fara rufe ƙananan kayan da ke gefen ƙwayar da jan farce. Galiyom ɗin da ke cikin ƙarfe mai ruwan yana cin alminiyom, kada ya kusance shi.

Ba na sake manna murfin. Hannun soket (mazaunin furosesa a allon kwamfuta) yana riƙe shi, sai dai ka danne da yatsa lokacin kullewa don kada ya zame.